Birki a Bakin Mutanen Zongon Yamai

Birki shi ne abin da ke rage gudun abin hawa mai taya ko ya tsayar da shi cak, kuma kalmar tana cikin ɗimbin kalmomin da Hausa ta ara daga Ingilishi a farkon rabin ƙarni na 20, zamanin da jirgin ƙasa da keke da mota suka shigo ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya. A Kano ko Zariya wannan aro bai zama abin mamaki ba, tun da Ingilishi ne harshen waɗanda suka kawo ƙarafan da na waɗanda suka fara koyar da tuƙinsu. A Yamai kuwa, inda makaranta da takardun mota da jarrabawar tuƙi duk suka tashi cikin Faransanci, zaman kalmar daram a bakin direba da mai babur da tsohuwar da ba ta taɓa tuƙa ko keke ba yana bukatar bayani, kuma bayanin ya fi jingina da tarihin hanyoyin fatauci a kan tarihin mulki. Bayan wannan akwai batun da ya fi nauyi, wato aikatau ɗin da ke raka kalmar idan birki ya yi aiki da kuma idan ya ƙi, domin a cikinsu ne mai magana yake yanke hukunci, sau da yawa ba da saninsa ba, game da wanda alhakin haɗari ya rataya a wuyansa.

Zongo tsohuwar unguwa ce a tsakiyar Yamai, daura da unguwar Maurai da wurin da Ƙaramar Kasuwa take kafin gobarar 2012 ta cinye ta. Sunan daga zango yake, wato masaukin da ayarin fatake kan yada a ƙarshen tafiyar yini, inda madugu ke ba da umarnin a sauke kaya a ɗaure dabbobi, kuma da wannan suna aka san unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Akra da Lome da Kwatano, waɗanda Hausa ce harshen da ke haɗa mazaunansu ko da kakanninsu ba Hausawa ba ne. Lokacin da Faransawa suka ɗauke fadar mulkinsu daga Damagaram suka mai da ita Yamai a 1926, garin bai wuce tarin ƙauyuka a gaɓar kogin Kwara ba, sai bunƙasarsa ta jawo ƴan kasuwa da mahauta da maɗinka da malamai daga Arewa da Adar da Gobir da Katsina da Sakkwato da Kano. Saboda haka Hausar da ake ji a Zongo gauraye ce ta karuruwa da dama, mai zaune kafaɗa da kafaɗa da Zabarmanci a kasuwa da Faransanci a ofis, kuma duk kalmar da ta tsaya da ƙafafunta a irin wannan wuri ta tsaya ne don masu sana'a sun riƙe ta.

Hanyoyi biyu ne suka kawo kalmomin mota na Ingilishi wannan yanki. Ta farko ita ce ta gyaɗa: layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma tun daga nan gyaɗar ƙasar Maraɗi da ta Damagaram ta riƙa gangarawa kudu zuwa tashar jirgin Kano, da fari a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, ta yadda direbobi da karnukan mota da makanikan da ke bin wannan hanya suka koyi sana'ar da sunayen kayanta daga iyayen gidan da suka koya a Nijeriya. Ta biyu ita ce ta cin rani zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, wadda matasan yammacin Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka yi ta zuwa neman kuɗi a kasuwannin Kumasi da tashar jiragen ruwan Akra, tafiyar da Jean Rouch ya nazarta a shekarun 1950 har ya ɗauke ta a fim ɗinsa mai suna Jaguar. A cikin waɗannan shekaru ne hukumar mulkin mallaka ta ƙirƙiro shirin karkatar da kayan Nijar zuwa layin dogon Faraku da Kwatano don a rage dogaro da Kano, amma kafin nan mota da direba da taya da giya da tasha da birki sun riga sun zauna a harshe. Abin da ya biyo baya ƙarfafa su ya yi, domin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram tafe take a gefen iyakar Nijeriya, kuma daga ƙetaren iyakar ne man fetur mai rahusa da kayan gyara suka daɗe suna shigowa, haka ma motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Sifar kalmar ita kanta tana nuna irin aikin da harshe ya yi a kanta. A bakin Bature gaɓa ɗaya ce tak, mai farawa da baƙaƙe biyu a manne, b da r, mai ƙarewa da baƙin k. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da baƙaƙe biyu a farkon gaɓa ba, kuma sunaye sun fi son ƙarewa da wasali, don haka aka saƙa wasali tsakanin baƙaƙen farko aka ƙara wani a ƙarshe, kamar yadda aka yi wa burodi, aka kuma raba baƙaƙen farko a direba da firamare da tirela. Da an tsaya nan da bireki aka samu, wanda ya yi kusa da abin da Yarbawa ke faɗa, sai dai Hausa ta ƙara taku ɗaya ta zubar da wasalin tsakiya, kalmar ta koma gaɓa biyu, ta farko mai karin sama ta biyu mai karin ƙasa. Wasalin farkon ma bai tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa ake jin birki ana kuma jin burki, kamar yadda ake jin biki da buki ko birni da burni, kuma marubuta suna amfani da duka biyun. Namiji ne a nahawu, ana cewa birkin mota, birki ya kama. Kamannin da yake yi da birkita da birkice, waɗanda aikatau ne na asalin Hausa masu nufin juyewa da rikicewa, haɗuwar sauti ce kawai, haka ma kamanninsa da birkila mai gini, amma ana iya zaton wannan kamanni ya taimaka masa wajen sajewa, har yawancin masu faɗarsa ba sa jin baƙuntarsa.

A garejin Yamai an yi wani irin rabon aiki tsakanin harsunan biyu na Turai. Abin da ya shafi hukuma Faransanci ne, don haka lasisin tuƙi farmi ne, binciken lafiyar mota kuma bizit ne. Ƙananan sassan da ake saye a kanti su ma galibi da sunayen Faransanci ake tambayarsu, domin da su aka rubuta su a kwali da takardar farashi, kuma da su aka koyar da makanikan da suka bi ta makarantun sana'a: falaket ga ƴan takalman da ke matse faifai, tambur ga gangar da ke cikin tayar baya, lukid ga ruwan da ke bin bututu. Wannan na ƙarshe suna ne na mutum, Ba'amurke Malcolm Loughead, wanda ya ƙirƙiro birki mai aiki da ruwa a ƙarshen shekarun 1910, aka sayar da kayansa da tambarin Lockheed, Faransawa suka mai da tambarin sunan ruwan, ƙasashen da suka mallaka suka gada. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana iya cewa firan a maimakon birki idan yana magana da ɗan'uwansa ɗan boko. Amma da zarar magana ta koma kan aikin tsayawa kansa, ko ta fita daga gareji ta shiga titi da gida, birki ne ke dawowa, domin shi ne ke da aikatau da salon magana da suka ginu a kansa, abin da kishiyarsa ta Faransanci ba ta samu ba.

Aikatau uku ne suka fi yawo da kalmar idan komai na tafiya daidai. Taka birki shi ne na zahiri a mota, tun da ƙafa ce ke danna matakin, kuma abokin gabansa shi ne taka totur ko ba mota wuta. Ja birki ya dace da birkin hannu, wato sandar da ake ɗagawa idan an ajiye mota, amma ana faɗarsa ko da ƙafa ce ta yi aikin, ana ma faɗarsa ga mai tafiya a ƙasa, kuma dalilin da ya fi ƙarfi shi ne gurbin ja linzami ya gada, domin mahayin doki da ja yake tsayar da dabbarsa tun kafin a san taya. Ci birki kuwa tsayawa ce ta farat ɗaya, irin wadda taya ke ƙara a cikinta fasinja ya dungura gaba, kuma mai kallo daga waje ne ya fi faɗarsa. Marubutan littattafan soyayya na Kano sun mai da shi abin yau da kullum ga mutumin da ya ga abin da bai zata ba ya tsaya turus a bakin ƙofa. Wannan ci ɗin yana juyawa ya zama aikin birkin kansa, inda makaniki zai ce birkin yana ci ko ba ya ci, ma'ana yana kamawa ko ba ya kamawa, kamar yadda ake faɗa game da wuƙa.

Daga nan kalmar ta tsallaka zuwa maganar da ba ta da alaƙa da mota, kuma a can ta tarar da tsofaffin kalmomin sarrafa dabba sun riga sun raba fili. Ragama, igiyar da ake jan doki da ita, ta zama ta shugabanci, ana riƙe ragamar mulki. Akala, wadda ta raƙumi ce, ta zama ta alƙibla, ana karkata akalar magana ko ta kuɗi. Dabaibayi da tarnaƙi, waɗanda ake ɗaure ƙafafun dabba da su don kada ta yi nisa, sun zama na cikas. Takunkumi, abin da ake rufe bakin dabba da shi, ya zama sunan hukuncin tattalin arziki irin wanda ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta kuma janye a Fabrairun 2024, kuma mazauna Zongo sun ji ma'anarsa a farashin shinkafa da na kayan gyaran mota da suka saba shigowa ta Kwatano. Linzami shi kaɗai ne ke da aiki biyu a bakin doki, juyawa da tsayarwa, kuma abin lura shi ne Hausar zamani ta bar masa na farkon, shi ya sa makamin da ake sarrafa tafiyarsa daga nesa ya zama makami mai linzami, ta miƙa na biyun ga birki. Tsohon da zai ce bakin wane ba linzami da jikansa da zai ce bakin wane ba birki abu ɗaya suke nufi, sai dai na biyun ne ke ƙara yawa.

A wannan fage bambancin ja da taka ya ƙara fitowa. Wanda ya ja birki kansa ya tsayar, ko don ya hango kuskure ko don ya sake shawara, kuma idan aka ce wa mai magana ya ja birki ana nufin ya dakata a nan kafin ya wuce gona da iri. Taka birki kuwa wani ake yi wa, shi ya sa yake zuwa da harafin da ke nuna wanda aikin ya faɗa wa, wa a karin Kano, ma a karuruwan yamma da suka fi rinjaye a Yamai: kotu ta taka wa gwamna birki, uba ya taka ma ɗansa birki. Gidajen rediyo da jaridun Hausa sun ƙaunaci wannan salo a kanun labarai saboda gajartarsa da armashinsa, amma ba salo ne na ɗan ba-ruwanmu ba. Wanda aka taka wa birki an riga an ɗauka gudu yake yi fiye da ƙima, wanda ya taka kuma an ba shi matsayin mai hankali, don haka editan da ya zaɓe shi a maimakon dakatar ko hana ya bayyana ɓangaren da yake tun kafin a karanta labarin.

Kafin a auna maganganun da ake yi idan birki ya ƙi, wajibi ne a san yadda yake aiki. Mota mai gudu tana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma ba a iya shafe wannan ƙarfi sai dai a mai da shi wani abu, birki kuwa zafi yake mai da shi ta hanyar gogayya, wato guggar abu biyu da aka matse da juna. A tsarin ganga, wanda Louis Renault ya fito da shi a 1902, takalma biyu ne ke buɗewa su dafe cikin wata gangar ƙarfe mai juyawa tare da taya. A tsarin faifai, wanda ya bazu a motocin kasuwa bayan fitowar Citroën DS a 1955, takalman matse faifan suke yi daga gefe biyu, kuma ya fi saurin hucewa saboda a fili yake iska na dukansa. Abin da ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyin huɗu ruwa ne a cikin bututu, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle ba ya matsuwa, duk dannawar da aka yi masa a wuri ɗaya sai ya isar da ita ko'ina. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 masu ƙera motoci suka raba bututun gida biyu, ta yadda idan ɗaya ya yoye ɗayan zai ci gaba da riƙe tayoyi biyu, matakin ya yi nisa amma motar ta tsaya. Manyan motoci da tireloli da iska suke aiki, dabarar da George Westinghouse ya fara ƙirƙira wa jirgin ƙasa a 1869, kuma a irin na yanzu akwai gammon ƙarfe mai ƙarfi da iskar ke riƙewa, wanda idan iskar ta zube yake sakuwa ya kulle tayoyin da kansa.

Hausa tana da aikatau uku da take bayyana gazawar wannan tsari da su, kuma kowanne yana ɗauke da hoto dabam. Tsinkewa ta igiya ce da zare da waya, ta kuma dace da keke da babur, inda siririyar waya ce ke haɗa hannu da taya, tana cin tsatsa tana saɓulewa sili-sili har ta rabu. Shanyewa ita ce ake faɗa ga rijiyar da ta ƙafe da kuma gaɓar jikin da ta daina motsi, kuma ita ce ta fi kusa da abin da direba ke ji idan matakin ya nutse har ƙasa ba tare da turjiya ba, domin ruwan ya yoye ko iska ta shiga bututu. Ƙwacewa kuwa ta doki ce da ya fi ƙarfin mahayinsa, shi ya sa ake cewa birki ya ƙwace ana kuma cewa mota ta ƙwace. Dukansu uku suna cikin ajin aikatau masu ƙarewa da wasalin e, aji na huɗu a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, wanda ke nuna aikin ya kai matuƙa ba saura. Mafi muhimmanci shi ne a dukansu birki ne ke zaune a gurbin mai aikatawa, direba kuma, in ma an ambace shi, a gurbin wanda abin ya faɗa wa yake zuwa: birki ya tsinke masa, birki ya ƙwace mata. Ginin jimlar daidai yake da na kuɗi sun ɓace mini, inda mai magana ke fitowa a matsayin wanda aka yi wa rashi, ba a tambayarsa inda ya ajiye su.

Wannan gini ba laifin nahawu ba ne, harsuna da yawa suna da irinsa, amma a maganar haɗarin mota yana rufe tambayar da ta kamata a yi. Birkin motar da ake kula da ita da wuya ya ɓace gaba ɗaya a lokaci guda ba tare da ya yi gargaɗi ba. Takalmin da ya cinye yana ƙugi ko ƙara kafin ƙarfe ya fara cin ƙarfe, bututun da ke yoyo yana barin danshi a bayan taya yana kuma rage ruwan da ke cikin ɗan tulunsa, motar da birkin gefe ɗaya ya fi na ɗayan ci tana fizga zuwa gefen, matakin da sai an yi masa famfo sau biyu ko uku kafin ya yi tauri kuma yana sanar da cewa iska ta shiga. Direban da ya saba da famfon har ya ɗauke shi halin motarsa ya shafe makonni yana jin gargaɗin. Ranar da abin ya faru aka ce birki ya shanye masa, jimlar gaskiya ce a kan daƙiƙar ƙarshe, amma ta yi shiru a kan makonnin.

Yanayin Yamai yana ƙara wa lamarin tsanani ta fuskokin da ba kowa ke lura da su ba. Ruwan birkin da aka fi sayarwa, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, yana da halin tsotsar danshi daga iska a hankali, kuma danshin yana rage zafin da yake iya jurewa kafin ya tafasa: ƙa'idar DOT 3 ita ce digiri 205 yana sabo da digiri 140 bayan ya sha danshi, ta DOT 4 kuma 230 da 155. Idan ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa yana matsuwa, sai matakin ya nutse, bayan motar ta huce kuma ya dawo kamar ba abin da ya faru, abin da ke sa wasu su danganta shi da abin da ido ba ya gani. Masu ƙera motoci galibi suna cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, alhali abin da aka saba shi ne a yi ta ƙari a kan tsoho, a garin da zafin watannin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, kuma titunansa ke gangarowa daga tudu zuwa bakin kogi da Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Sunan man birki shi ma yana da nasa haɗarin, domin in ban da wasu tsofaffin motocin Citroën wannan ruwa ba daga dangin man inji yake ba, kuma wanda sunan ya ruɗe shi ya zuba man inji ko na giya zai kumbura robobin da ke tsare ruwan, su saki bayan ƴan kwanaki. Lodin da ya wuce ƙima yana ƙara zafin da takalma za su sha a kowace tsayawa, yashin da iska da ruwan damina ke shimfiɗawa a kan kwalta kuma yana sa taya ta zame ko da birkin lafiyarsa lau.

Akwai kuma lokutan da birki bai yi komai ba, gudu ne ya yi yawa aka ɗora masa. Tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya ba ta tafiya kafaɗa ɗaya da gudu, domin idan gudun ya ninka biyu tazarar birki ninkawa huɗu take yi, ban da tazarar da motar ke ci a cikin daƙiƙa guda da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta isa matakin, wadda ta kai kusan mita 14 a gudun kilomita 50 a awa. Makarantun tuƙi na tsarin Faransa suna koyar da wani lissafi mai sauƙi a kan busasshiyar hanya: a ɗauki lambar gommai ta gudun a ninka ta da kanta, 50 ta ba da mita 25, 90 ta ba da mita 81. Wanda ya shigo cunkoson kasuwa da gudun babbar hanya ya taka iya ƙarfinsa motar ta ci gaba da tafiya zai rantse birki ne ya ƙi, kuma da zuciya ɗaya zai rantse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin motoci.

Abin sha'awa shi ne fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malaman Zongo bai taɓa karɓar uzurin ƙwacewa hannu biyu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, tana cikin littattafan mazhabar Malikiyya da kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ke bi ta kansu, kuma a babin jinaina ta ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mai korarta da mai janta da mahayinta, ta ware abin da dabbar ta yi ba da sa hannun kowa ba. Lamuni a nan shi ne wajabcin biyan abin da aka lalata, ko diyya idan rai ne ya salwanta bisa kuskure. Malaman wannan zamani sun yi ƙiyasin mota a kan wannan hukunci, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da motarsa ta yi, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kaucewa ko kiyayewa. Ma'aunin ke nan da ke raba ƙaddara da sakaci, kuma da shi bututun sabuwar mota da ya fashe saboda aibin ƙira yake rabuwa da takalmin da makaniki ya ce a canja mai mota ya ce a lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Dokar ƙasa ma ta wannan fuska take kallo, tun da ta wajabta inshora da bizit, ko da yake takardar bizit shaida ce ta ranar da aka duba motar, in har an duba ta, ba ta ranar da ta gangaro da lodi ba.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, kuma idan wannan mataki zai sauka daga takarda zuwa titi to dokokin hanya da darussan tuƙi suna cikin wuraren farko da za a gwada shi, domin da yawa daga masu tuƙa tasi da faba-faba da babura a Yamai da Hausa ko Zabarmanci suka koyi sana'arsu. Kalmar birki ba ta bukatar a ƙirƙiro mata madadi, haka ma birkin hannu da takalmin birki, waɗanda ma'anarsu a fili take. Inda aiki yake shi ne wuraren da sunan da aka saba ke ɓatar da mai ji, kamar man birki da ya fi dacewa a kira ruwan birki, da wuraren da babu suna sam. Misalin na biyun shi ne na'urar da ke hana taya kullewa, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fitar a 1978, take kuma cikin yawancin motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, amma har yanzu da haruffa uku ake kiranta, wani ya furta su da Faransanci wani da Ingilishi. Aikinta shi ne ta riƙa sakin tayar tana kamawa sau da dama a cikin daƙiƙa guda don direba ya iya juya motar yana cikin tsayawa, kuma yayin da take yi matakin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Direban da ba a bayyana masa wannan da harshen da yake ji ba yakan ɗauka wani abu ne ya karye ya ɗage ƙafarsa, ko ya koma famfon da ya saba a tsohuwar mota, alhali abin da na'urar ke bukata shi ne a taka da ƙarfi a riƙe har motar ta tsaya.